Tagwayen Tayoyina da Raƙumar Baba Ticha

Ni mai faci ne. A bakin titi nake zama a Gyaɗi-Gyaɗi, da injin iska da bahon ruwa da ya yi baƙi, tun ina da gashi a tsakar ka. A aji biyu na sakandare na bar makaranta. Waɗanda muka zauna benci ɗaya da su yanzu sukan tsaya a gabana, su sauke gilashi rabi su ce, “A duba ta baya,” ko fuskata ba sa kallo. Saboda haka ba ni da yawan yabon mota, balle mai ita. Mota ɗaya ce tak na taɓa miƙewa tsaye don ta zo wucewa.

Mai ita wani tsohon malamin makaranta ne, mutumin Kudancin Kaduna, da ya yi ritaya ya zauna a Tarauni shi da matarsa. Kowa Baba Ticha yake ce masa. Motar kuwa ƙirar Faransa ce ta zamanin da, doguwa, mai tsinin baki kamar kifi. Ban taɓa ganin irinta a Kano tana tafiya da ƙafarta ba sai ita. In aka kashe ta, sai ta riƙa sauka a hankali har cikinta ya kusa taɓa ƙasa. In aka tayar, sai ta ɗan yi nishi, ta fara ɗaga baya, sannan gaba. Shi ya sa unguwa ta sa mata Raƙuma. Ba ta da sifirin irin na sauran motoci, wani koren mai take sha wanda Baba ba ya barin kowa ya zuba mata sai shi. Birkinta ma wani ɗan dunƙulen roba ne kamar ƙosai, kana ɗora masa yatsan ƙafa ta tsaya cak.

Abin da ya fara haɗa ni da ita shi ne ba ta buƙatar jak ɗina. In za a cire taya, Baba zai ja wani ɗan ƙarfe kusa da kujerarsa, ta miƙe tsaye har ƙarshe. Sai a tokare gefenta da sandarta, ya mayar da ƙarfen, ta nemi kwanciya, tayar ta ɗago da kanta tana jira na. Duk shekarun da na yi ina kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane, wannan ce kawai ta taɓa raga wa bayana.

Duk shekara in takardunta sun kusa ƙarewa, Baba yakan wanke ta, ya sa farar rigarsa, ya kai ta wurin duba lafiyar motoci da kansa. Kuma duk shekara sai ta wuce. Motocin da ba su kai rabin shekarunta ba ana koro su saboda fitila ko hayaƙi ko birki, ita kuwa ta shiga ta fito da takarda. Ba asiri ba ne. Mutumin kullum da safe yakan zagaya ta da tsumma, ya durƙusa ya leƙa ƙasa ko ta ɗigar da wani abu.

Sauran mutanen unguwa kuwa da yadda muke yi. Ranar dubawa ranar aro ce. Wannan ya ari tukunyar kashe gobara, wancan ya ari gilashin fitila, a je a nuna, a dawo a mayar wa mai shi kafin la'asar. Ni ma ina da nawa kason a ciki. Ina da tayoyi biyu sababbi fil, masu zane mai zurfi, na wani tsohon awo da ya ƙare a kasuwa, irin wanda tsofaffin motocin kabu-kabu ke sawa. Tagwaye ake ce musu. Direba zai zo da sassafe in ɗaura masa su a gaba, ya je a duba, ya dawo in kwance in mayar masa da suɗaɗɗunsa. Tagwayen nan sun ci jarrabawa fiye da duk wani ɗan boko a Tarauni, amma ba su taɓa zuwa ko Wudil ba. Su ne ke riƙe ni a watannin da faci ya yi ƙasa.

Wata shekara 'yar Baba, wadda take aikin nas a Abuja, ta zo Kirsimeti. A gabana aka yi maganar, sun tsaya a ƙara wa taya iska. Ta fito ta dubi motar, ta dubi ubanta.

“Baba, wannan fa ta girme ni. Kai da Mama kuke hawa, ni kuma ina can ba na barci.”

“Ta girme ki, kuma ba ta taɓa kwana a asibiti ba,” in ji shi.

“To mu yi haka. Ran da masu dubawa suka ce ba ta da lafiya, a kira 'yan gwangwan su ɗauke ta, ni zan riƙa turo mai adaidaita yana kai ku duk inda za ku.”

Baba ya ce, “Na yarda. Mai faci, kai ne shaida.”

Ban so aka sa ni ba, don na san halinsa. In ya ce ya yarda, ko ba wanda yake kallo zai cika. Kuma na san abin da 'yan gwangwan suke yi wa mota. Da gatari suke sara ta, a narkar a yi tukwane.

Da lokacin dubawa ya matso, sai ga matsala a inda na fi kowa sani. Tayoyin gaba na Raƙuma sun suɗe, zanen saura kaɗan ya shafe. Baba ya shiga kasuwar kayan mota ya fita, ya aika Kaduna, ya aika Jos. Awon babu sabo. Waɗanda aka samo masa tsofaffi ne da suka gama rayuwarsu a Turai, ya sa tabarau ya karanta shekarar da aka buga a jikinsu ya mayar. A duk inda na sani, sababbin wannan awo guda biyu ne, kuma suna jingine a bayan bencina.

Na ce masa, “Baba, abu mai sauƙi. Ka zo da safe in ɗaura maka tagwaye, ka je ka dawo. Kai ba sai ka ba ni komai ba.”

“In na dawo fa?”

“In mayar maka da naka.”

“Wato in nuna musu ƙafar wani in ce tawa ce.”

“Kowa haka yake yi.”

“Na sani. Ina ganinku.”

Na ce to akwai wata hanyar, in sa wuƙa mai zafi in sake yanka wa nasa zane, su fito kamar sababbi. Ya dube ni ta saman tabarau yadda na tabbata yakan dubi ɗalibin da ya kwafi amsa.

“Wa zai hau motar bayan an ba da takardar? Ni ne da Mama. Tayar da ta shiga wurin dubawa, ita za ta kai mu coci ranar Lahadi. In kana so ka taimake ni, sayar min da su.”

“Ba na sayarwa ba ne.”

“To shi ke nan. Ni kuma ba na aro.”

Raina ya ɓaci. Na ce masa taurin kai ne, kuma in aka sare motar kada ya zo ya zauna min a benci yana ba ni labarinta. Ya ce ba zai zo ba. Kwanaki muka yi gaisuwa kawai ke haɗa mu. Direbobin kabu-kabu da ke shan shayi kusa da ni suka samu abin hira. Ɗaya ya ce, “Mai faci, ka yi kamun tukunya tun yanzu, a ƙera maka daga ƙofar Raƙuma, tuwonta zai riƙa tashi da kansa.” Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Ranar dubawa da hantsi sai ga Raƙuma ta taho, an wanke ta tana ƙyalli, Baba cikin farar riga. Ya tsaya a gabana kamar kullum.

“A daidaita min iska.”

Na durƙusa a gaban tayar dama, na shafa ta da tafin hannu. Sumul. Ko makaho aka sa ya duba zai kayar da ita. Shi ma ya sani. Ya wanke mota, ya goge fitilu, ya sa rigarsa mai kyau, zai kai ta da hannunsa inda za a ce ta faɗi, sannan ya dawo ya buga wa 'yarsa waya ya faɗa mata. Na daɗe a durƙushe da tiyon iska a hannu.

Na ce, “Baba, ɗaga ta.”

“Na ce maka ba na aro.”

“Na ji. Ɗaga ta kawai, rana tana yi.”

“In ka ɗaura, ba za su dawo ba fa.”

“Ni kurma ne? Ja ƙarfen nan.”

Ya ja. Raƙuma ta miƙe, muka tokare ta, ta ɗago min ƙafa. Na kwance, na ɗaura tagwaye, ina yi ina ƙunƙuni. Maganar abin da zai biya mun yi ta daga baya, ba ita ce damuwata ba. Abin da na sani, irinsu ba za su sake shigowa hannuna ba.

Ya ce in shiga mu je tare. Na rufe injin iska na shiga da kayan aikina masu baƙin mai, na zauna a kujerar da ta fi katifar ɗakina laushi. Duk ramukan da ke hanya ban ji ko ɗaya ba, kamar a kan ruwa muke tafiya.

Layi ya yi tsawo, Baba ya kashe ta, ta kwanta. Wani sabon ma'aikaci ya zo da takarda a hannu, ya zagaya ta, ya ce, “Baba, wannan ai ƙafafunta sun karye. Janyo ta aka yi?” Wani babbansu da ke zaune a inuwa ya ce, “Bar shi ya tayar tukuna.” Baba ya murɗa makulli. Ta yi nishinta, baya ya tashi, gaba ya bi. Saurayin ya ja da baya yana dariya, har direbobin da ke layi suka fito kallo.

Ba su raga mata don tsufa ba. An kunna fitila babba da ƙarama, an gwada sigina da hon, an duba hayaƙin salansa, an shiga ƙarƙashinta da tocila ana neman inda take yoyo. Aka ce ya taho da gudu ya taka birki. Ya ɗora ƙafa a kan ɗan ƙosan nan, ta tsaya a miƙe ba ta karkata ko'ina ba. Da aka zo kan taya, babban ya durƙusa ya sa yatsa a cikin zanen, ya ɗago ya dube ni. Ya san ni, kuma ina jin ya san tagwaye, don sun sha zuwa gabansa a jikin motoci daban-daban.

“Mai faci, waɗannan yau a ina za su kwana?”

“A Tarauni, ranka ya daɗe. Sun yi aure.”

Ya dubi Baba. Baba ya ce, “Nawa ne.” Mutumin bai ƙara tambaya ba, ya sa hannu.

A hanyar dawowa Baba ya tsaya a gefen titi, ya ciro waya ya kira 'yarsa. Abin da ya ce kawai, “Ta wuce.” Na ji muryarta tana cewa wani abu mai tsawo, shi kuma yana ta cewa to, to. Da ya kashe ya ce min, “Ta ce a gaishe da shaida.”

Bayan 'yan kwanaki wani direban kabu-kabu ya zo da sassafe kamun tagwaye don washegari, takardunsa sun ƙare. Na ce babu. Ya ce kada in yi masa haka, ina na kai su? Ranar Lahadi ce. Muna cikin maganar sai ga Raƙuma ta fito daga wajen Tarauni, Baba a sitiyari, Mama a gefe da ɗankwalin zuwa coci. Na miƙe na nuna masa da sifana.

“Ga su can. In ka iya tsayar da shi, ka roƙa.”

Ya bi ta da kallo har ta sha kwana, ya yi tsaki, ya tambaye ni ko na san wani mai bayarwa a Hotoro.