Uwarɗaki, Wadda Ta Raba Mu da Tsoron Farin Ruwa

Ƙarfe bakwai da rabi take isowa, tun kafin mai yankan kati ya buɗe tagarsa. Takan rataye jakarta a ƙusar bayan ƙofa, ta goge teburinta ko da mai shara ta riga ta goge, ta ja labulen gadon awo ta tabbatar bai bar wata kafa ba. Sannan ta leƙo baranda ta dubi matan da ke kan benci. Masu ciki sun san abin da ya kawo su, ana ta hira ana dariya. Ita kuwa idonta yana kan wadda ta rakuɓe can ƙarshen benci, ta duƙunƙune katinta a hannu, ta kasa haɗa ido da kowa. Wannan take fara kira.

Nas ce a ɗakin mata na ƙaramin asibitin unguwarmu, yau shekara talatin da ɗaya. Ba mu san wanda ya fara kiran ta Uwarɗaki ba, amma har likita haka yake ce mata. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Ni ɗinki ne sana'ata, rubutu ba aikina ba ne. Sai dai na taɓa zama a ƙarshen bencin nan, shi ya sa na ce ba za ta tafi ban faɗi abin da na sani ba.

Ina da shekara goma sha huɗu mahaifiyata ta rasu. Ni nake wanke mata zannuwa a watanninta na ƙarshe. Wani ruwa ne yake zubo mata, garwaye da jini, mai warin da har yau ban manta shi ba. Ba wanda ya gaya mini sunan ciwon. Abin da na tsinta kawai a bakin manya, cikin raɗa, shi ne, "Da ruwa-ruwa ya fara mata." Da wannan maganar na girma.

Tun ina budurwa nakan ga ɗan danshi a kamfaina, in kawar da kai. Amma bayan na yaye 'yata sai abin ya ƙaru. Wata rana fari kamar madara, wata rana garau, yana yauƙi. Ranar da na fara lura sosai ina banɗakin shagonmu ne. Na ce shi ke nan, abin da ya ci uwata ya biyo ni.

Ban gaya wa kowa ba. Na je kyamis na yi ta kewaye-kewaye, mai shagon ya ce, "Sanyi ne," ya ƙirgo mini kafso. Na sha, abu bai tsaya ba. Wata mai kawo mini ɗinki ta ce in riƙa wanke ciki da maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin na zubawa a ruwan wanka. Na yi ta yi safe da yamma. Na ƙaurace wa maigidana wata huɗu, kullum da ƙaryar da zan yi masa. Wata rana da safe yana ɗaura takalmi, ya ɗago ya ce, "Wai na yi miki wani laifi ne? In kin gaji da ni, ki faɗa." Na kawar da kai. Ya fice bai karya ba.

In ina kan keke ina ɗinki, sai in kalli 'yata tana wasa da ƙyallaye a ƙasa, shekararta uku, in riƙa lissafin wanda zai riƙe ta. Har na yanke wa zan bar wa keken.

Maganin da nake wanki da shi ne ya ƙona ni. Fitsari ya zama azaba, zama ya gagara. Dole ta sa na yanki kati.

Uwarɗaki ta rufe ƙofa, ta jawo kujerarta kusa da tawa har gwiwoyinmu suka kusa haɗuwa.

"'Yata, me ke tafe da ke?"

Na ce, "Ciwon kai."

"To, Allah ya sawwaƙe. Ciwon kan nan, a sama yake ko a ƙasa?"

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Ta ƙyale ni har na yi mai isa ta. Daga nan ta shiga tambaya, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a tire. Wane launi ne? Yana wari? Kafin in fara wanke-wanken nan, akwai ƙaiƙayi? Marata tana ciwo? Na taɓa ganin jini ba lokacin al'ada ba? Duk na ce a'a. Da na ba ta labarin mahaifiyata sai ta ajiye biro. Ba ta ce mini in kwantar da hankalina ba. Cewa ta yi, "Hau gado in duba ki. Za mu yi gwaji biyu, na ruwan da na bakin mahaifa. Bakina ba zai cire miki tsoron shekara ashirin ba, sai kin ga takarda."

Kwana biyar na jira sakamako. Na ɓata wa wata mata yadi, na yanka hannun riga biyu duk na hagu. Ko waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Ranar da na koma, tun daga ƙofa nake karantar fuskarta, ita kuwa ba a karantar fuskarta.

Ta ajiye takardun a gabana ta ce, "Lafiyarki lau. Ƙunar da kika yi wa kanki ce kawai za mu yi wa magani."

Na ce, "To ruwan fa, Uwarɗaki?"

"Bakinki ba ya yawu? Idonki ba shi da danshi? Ranar da suka bushe ai ranar za ki nemi likita. Haka can ma. Da ruwan nan jiki yake wanke kansa. In al'ada ta wuce da kamar mako guda sai ki gan shi garau, yana yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai. Daga baya ya yi kauri, ya yi fari. In mace tana da ciki ya ƙaru. Wata nata kaɗan, wata da yawa. Ki wanke waje da ruwa zalla, ciki kuwa ki ƙyale shi, ya fi ki iya aikinsa."

Sai ta ɗaga yatsa, muryarta ta sauya. "Amma saurara. In ya koma rawaya ko kore, in yana ƙarni, in ya zo guda-guda da ƙaiƙayi, in mara tana ciwo, in kin ga jini ba lokacinsa ba, ki zo nan. Kada ki biya ta kyamis, kada ki biya ta wajen ƙawa."

Na koma gida na gaya wa maigidana komai. Ya saurare ni har na gama. Can ya ce, "Wata huɗu kina shirin mutuwa ke kaɗai, ina kwance a gefenki?" Na ce ya yafe mini. Ya ce shi ma.

Ba ni kaɗai ba ce. Mai sharar asibitin ta ba ni labarin wani magidanci da ya jawo matarsa har baranda yana kumfar baki, wai ya ga tabo a kayan wankinta, ta faɗi wanda ya sa mata cuta. Mutane suka taru. Uwarɗaki ta fito ta tsaya tsakaninsu, ga ta 'yar gajeriya, kanta iya kafaɗarsa. Ta ce, "Malam, in shari'a ka zo yi, nan ba kotu ba ce. In ilimi ka zo nema, shigo, akwai kujera." Ya shiga. Bayan rabin awa ya fito yana sosa ƙeya, shi ke riƙe wa matar jaka.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai bara ya faru. Akwai wata dattijuwa mai sayar da maɓallai da zare kusa da shagona, muna ce mata Iya. Ta wuce hamsin da biyar, al'adarta ta ɗauke shekara bakwai. Wata rana ina ba 'yan matan shagona labarin abin da Uwarɗaki ta koya mini, sai Iya ta yi dariya ta ce, "Ashe ba komai ba ne. Ni ma kwanan nan ina ganin irinsa, sai dai nawa ya ɗan yi ja-ja."

Na ce, "Iya, rufe teburin nan."

"Da ranar nan? Ke ba kin ce ba komai ba ne?"

Na ja ta tana mita har asibiti. A ranar na ga abin da ban taɓa gani ba, fuskar Uwarɗaki ta sauya. Ba ta yi barkwancin da ta saba ba. Ta duba Iya, ta cire safar hannu a hankali, ta rubuta takardar tura ta babban asibiti. Iya ta ce sai bayan bikin jikarta. Uwarɗaki ta riƙe hannunta ta ce, "Yaya, gobe. In ba ki da mai raka ki, ni zan raka ki." Ranar hutunta ce, amma ta je.

Sankarar mahaifa ce, ta fara amma ba ta yi nisa ba. Aka yi mata aiki. Mako uku muna zuwa dubiya da fargaba. Yanzu Iya tana kan teburinta, tana yi mini faɗa in na taɓa mata maɓallai ban saya ba. A nan na gane irin ciwon da ya ɗauke mahaifiyata, na kuma gane da ta sami mai tambayar ta launi da wari tun da wuri, wataƙila da ta ga aurena.

Uwarɗaki, ke ce kika san inda tsoron banza ya tsaya da inda na gaske ya fara. Ke ce mai jin maganar da baki ya kasa faɗi. Shekara talatin da ɗaya kina jin asirin matan unguwar nan, ba mu taɓa jin ko ɗaya a waje ba. Sunanki ba ya kan allon ƙofar asibiti, amma akwai aurarrakin da ba don ke ba da sun mutu, akwai yaran da ba don ke ba da sun zama marayu.

Ba zan ɓoye miki ba, tafiyarki tana ba ni tsoro. A layinmu kaɗai na san mata uku da ke cusa wa jikinsu abin da ba su san haɗinsa ba, don su busar da abin da lafiya ce. Na san kuma akwai wata can da ke ganin jini tana cewa ba komai. Dukansu kunya ce ta kulle musu baki, kuma kunyar nan tana kisa.

Ku 'yan matan nas da za ku gaji ɗakin nan, don Allah ku rufe ƙofa kafin ku yi tambaya, kada ku yi wa mace tsawa don ta yi kewaye-kewaye. Mu kuma iyaye da yayye, mu zaunar da 'ya'yanmu da ƙannenmu mu gaya musu wanne ne na lafiya, wanne ne na gudu asibiti, tun kafin su je su ji a bakin mai talla.

Mun gode, Uwarɗaki. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa namu. Jiya ƙanwata ta ja ni gefe tana in'ina, idonta cike da ƙwalla. Na jawo kujera na ce, "Zauna. Wane launi ne?"