Tulin takin da na bari da ƙishirwa

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan labarin nan ni ne. Jiya da hantsi wani yaro ya wuce ƙofar gidana da jaki, mangala cike da kashin awaki, sai warin ya ɗauke ni cak ya dire ni a fadamarmu ta wajen Alelu, zamanin muna jihar Sakkwato. Lokacin ina aji huɗu, wanda shi ne ƙarshen digirina. Na iya rubuta sunana, ina kuma ganin duk garin ba mai kai kamar nawa.

Damina ta yi mana rowa a shekarar. Rumbu ko rabi bai kai ba, kowa a gida ya san albasar kakana ce za ta kai mu wata damina: a kai ta kasuwar Aliero, a dawo da hatsi. Ƙasar lambun kuwa ta gaji, ta yi fari kamar tafin hannu. Da ɗari ya shigo sai tsohon ya haƙa rami iya gwiwa a gefen lambu. Muka yi ta jido kashin awaki daga turke, da tokar murhu, da ƙaiƙayin gero, da sharar tsakar gida. Yana zuba wannan, ya bi da wancan, ya yayyafa ruwa, har tulin ya kai ƙirjina. Ya rufe da karan dawa, ya soka wata doguwar sanda a tsakiya. Ban tambayi amfanin sandar ba, don mai ilimi ba ya tambaya.

Kwana biyu da gamawa sanyin ƙashi ya kwantar da shi. Ya kira ni bakin shimfiɗarsa ya ce, "Abokina, irin albasa da tulin ga suna hannunka. Kowane ka ba shi ruwa, ko kai ba ka sha ba."

Ina da yaya mace, ta girme ni da shekara uku, sana'arta tsorata ni. Ita ta gaya mini aljanu a juji suke renon 'ya'yansu, kuma duk wanda ya watsa ruwan zafi a wurin ba bisimilla ya ƙona ɗan aljani, uwar sai ta murɗe wa mutumin baki ya koma wajen kunne. Na yi mata dariya irin ta ɗan boko.

Wata safiya ɗari ya hana ni taɓa ruwan rijiya. Na hura wutar kara, na ɗumama ruwa a gwangwani, na wanke fuska, na watsa sauran a kan tulin. Sai da ruwan ya bar hannuna na tuna ban yi bisimilla ba. Na yi ta daga baya har sau bakwai, ko za a karɓi ramuwa.

Kwana uku bayan haka na iso da sassafe na tarar tulin yana hayaƙi. Ba wuta, ba garwashi, farin hayaƙi ne siriri yana fitowa ta tsakanin kara. Na lallaɓa na taɓa gindin sandar nan, na ji ta da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Daga ciki kuma wani abu yana motsi, ƙus-ƙus. Yau na san ƙwari ne, amma a ranar na rantse uwa ce take jinyar ɗanta. Takalmina ɗaya a can ya kwana.

Daga ranar ban ƙara kusantar tulin ba. Ina zagayowa ta bayan jigon ɗiban ruwa, in ba iri ruwa da ido ɗaya a kan hayaƙin, bakina yana karanto duk surar da na iya, har da waɗanda na iya rabi. Kowace safiya kafin in yi salla sai na shafa bakina in ji ko yana inda na bar shi. In na koma gida tsohon ya tambaya, "Ka ba shi ruwa?" in ce na ba shi. Tsoro ya zama biyu, na aljana a lambu, na kaka a gida, na rame har inna ta fara jiƙa mini saiwa. Sannu a hankali hayaƙin ya ragu, ya ɗauke. Na yi hamdala, na ce an yafe mini.

Bayan kamar mako uku kaka ya samu sauƙi, aka ɗora shi a jaki muka tafi. Iri ya isa dashe, kore shar. Ya wuce kai tsaye wurin tulin, ni ina can baya kamar wanda za a yi wa kaciya. Ya zare sandar, ya damƙe ta, ya daɗe bai saki ba. Sannan ya tona da fartanya. Ga kashin awaki nan ƙwaya-ƙwaya, busasshe, kamar jiya aka zuba.

"Yaushe rabon shi da ruwa?"

Na fashe da kuka, na kwashe komai na faɗa, har da gwangwanin. Na so ya doke ni, bai doke ni ba. Zama ya yi a ƙasa. "Hayaƙin da kag gani, taki na shika nuna," in ji shi. "Ɗumin nan shi muka nema. In nis sa wanga ɗanye cikin fangali, saiwar albasa za shi ƙonewa. Iri kuwa ba shi jira."

Muka jiƙa tulin, amma lokaci ya riga ya wuce. Na yi mako ina ɗauko baƙar ƙasar tsohon jujin bayan gida a kaina, ta ishi fangali kaɗan. Sauran aka dasa a farar ƙasa haka nan. Albasar ta fito ƙanana kamar ƙwan zabo. Kafin ruwa ya sauka rumbu ya ƙare, aka ja akuyar yayata zuwa kasuwar Jega.

Yanzu fadamar ta cika da injin ban ruwa, taki kuma a buhu yake zuwa, fari fat, ba wari. Yana tashin shuka, ban musa ba, amma ƙasar tana ƙara tauri kowace shekara, fartanya har ƙara take yi. Kwanan baya na tara jikoki a tsakar gida ina yi musu lacca a kan takin gargajiya, yadda ake jera shi, yadda ake gane ya nuna da sanda. Na manta yayata ta zo ganin gida, tana zaune a tabarma tana jan carbi, ba haƙori ko ɗaya amma harshen yana nan.

"Ka gama, malam?" in ji ta. "To hwaɗa musu wa ab bar taki da ƙishirwa. Aljanunka dai ba su yi asarar komi ba, akuyata anka kai kasuwa."