Ruwan da ke ƙarƙashin murhuna

Shekarun baya can, a shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, ina da rumfar tuwo a bayan wata masaƙa a Kakuri, cikin Kaduna. Duk wanda ya san ni a lokacin ya san ba ni da wasa. Ma'aikata suna ce mini 'yar sanda a bayan idona, suna zaton ba na ji. Ina ji sarai. Ba abin da zai wuce a layin nan ban gani ba, daga wanda ya makara aiki har wanda ya ci nama biyu ya ce ɗaya ya ci. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, amma Allah ya ba ni ido.

Rumfar tana jikin katangar masaƙa. A bayan katangar akwai babban siton auduga. A gabana kuma, ƙetaren wata siririyar hanya, ɗakunan haya ne guda goma a jere, kwano ɗaya ya rufe su duka.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, gadi ya yi a masaƙar har ya bar duniya. Lokacin da muka kafa rumfar akwai wani murfin ƙarfe a ƙasa, faɗinsa kamar tire, a daidai inda nake tsayawa in tuƙa. Sau biyu ina tuntuɓe da shi, na biyun da tukunyar miya a hannuna. Shi ya gaya mini bakin ruwa ne da aka binne saboda gobara, daga tankin masaƙa yake zuwa, kuma tun da ya kama aiki bai taɓa ganin an buɗe shi ba. Wata Lahadi ya zo da ragowar siminti ya rufe murfin, ya ɗora dakali a kai, ya gina mini murhu mai baki uku. Da yake ni gajeriya ce, sai ya yi mini 'yar matakala. A gefe ya ƙwaƙule wani gurbi daidai hannuna na ajiye ashana. Ya ce, "Wannan magana ta tsaya tsakanina da ke. Kayan hukuma ne."

Bayan rasuwarsa, ɗanmu ɗaya yana Legas, sai in yi wata uku ban ji daga gare shi ba. Murhun nan nake gaisarwa da safe. Ku yi dariya in kuna so. Nakan ce, "Malam, mun tashi lafiya," sannan in ƙyasta ashana.

Mutum ɗaya ce ta taɓa kama ni ina yi, ita ce ƙawata, 'yar Binuwai mai sayar da sakwara a rumfar da ke kusa da tawa. Ɗaki na uku a jerin nan nata ne. Shekara goma sha uku muna ƙwacen masu ciniki ni da ita. Tana ce mini Hajiya ko da yake ban taɓa hawa jirgi ba, ni kuma ina ce mata Madam. In ta ga mutum ya nufo ni sai ta ɗaga murya, "Oga, zo ka ci abinci mai nauyi, bar wancan kunun!" Ni kuma in ce, "Je ka ci, in ka kasa tashi daga benci kar ka kira ni." Da yamma sai ta kawo kujerarta wajena mu ci ƙanzo tare. Ita kaɗai ke zama kusa da ni ba tare da tsoro ba.

Ranar da abin ya faru bazara ce, ana jiran ruwan fari, iska tana kaɗawa da zafi. Bayan azahar na ji wani ƙauri kamar na tsumma. Na duba zanena, na duba murhu, ba komai. Da na ɗaga kai sai na ga hayaƙi siriri yana fita ta ƙarƙashin kwanon sito. Kafin in gama ƙwala wa masu gadi kira ya yi kauri, ya koma baƙi.

Ma'aikata suka fito a guje. Wasu daga cikinsu, don son su ceci kaya, suka taru suka ɓalle babbar ƙofar siton. Ashe wutar tana ciki tana cin dilolin auduga a hankali, iska kawai take jira. Ƙofa na buɗewa na ji wani gurnani har cikin ƙirjina, harshen wuta ya fito ya kusa lashe na gaba. Daga nan auduga ta fara tashi sama tana ci, ƙanana-ƙanana, iska tana watsa ta kan rufin mutane.

Motar kwana-kwana ɗaya ce ta zo, sai da ta yi ta jiniya kafin taro ya ba ta hanya. Ogansu wani dattijo ne siriri, muryarsa a dishe. Yana sauka ya dubi ƙofar ya ce, "Wa ya buɗe wannan?" Ya girgiza kai, ya ɗebi ƙasa ya saki don ya ga inda iska ta nufa, sai ya sa yaransa suka juya tiyo kan kwanon ɗakunan haya, inda ko wuta babu.

Wayyo, zagin da mutumin nan ya sha. "Ga wuta can, kuna wanke kwano!" "An biya ku ne?" Wani har dutse ya ɗauka. Ni ma na sa baki, na ce, "Kai, makaho ne kai?" Ya juyo ya ce, "Mama, sito ya riga ya tafi. Ko kogi zan juye masa, auduga tana ci daga ciki. Ɗakunan nan nake so in rage muku."

Ruwan motar bai kai a dafa shayi ba ya ƙare. Direba ya ja ta zai je kogi ya ɗebo, ga hanya cike da mutane da motoci. Ogan ya zaro wata tsohuwar takarda daga aljihu, duk ta yage a ninki, yana dubawa yana auna ƙasa da ƙafa daga kusurwar katanga. Ya taka, ya taka, har ya zo bakin rumfata ya tsaya. Ya leƙa kwata, ya ture benci, ya buga ƙasa da takalmi. Ina kallonsa. Na san abin da yake nema tun kafin ya buɗe baki.

Ya ce, "Mama, an ce kin fi kowa daɗewa a nan. Akwai wani murfin ƙarfe a ƙasa a wajen nan, bakin ruwa ne. Kin taɓa ganinsa?"

Ina tsaye a kan matakalar da maigidana ya yi mini. Murfin yana ƙarƙashin ƙafata.

Na ce, "Ban sani ba."

Shekara da shekaru ina juya wannan amsa a raina. Akwai tsoro a ciki. Mu da muka yi zamanin soja mun ga yadda ake yi wa wanda ya yi gini a kan kayan hukuma, a rushe, a zane shi a gaban jama'a, a jefa shi mota. An ce mulki zai canza, amma ni kaki na gani a gabana, kuma ba a gaya wa cikina an yi zaɓe ba. Sai dai in zan faɗi gaskiya, tsoron bai kai rabin dalili ba. Murhun nake ji. Na ce a raina mota za ta dawo yanzu, ai kogi ba nisa, me zai sa a fasa mini abin da ya rage mini na Malam?

Ogan ya dube ni, ya ɗan daɗe yana dubana, sannan ya wuce gaba yana buga ƙasa.

Mota ba ta dawo ba. Kwanon da suka jiƙa ya bushe ina gani, tururi yana tashi. Wani curin auduga mai wuta ya faɗa ta inda kwano ya ɗage a ɗaki na farko. Ba a ga komai ba da farko. Can sai hayaƙi ya fito ta tagar ɗaki na biyu, alhali ƙofarsa a kulle take. A ranar na san cewa ɗakunan nan a ƙasa ne kawai suke goma. Tsakanin silin da kwano fili ɗaya ne daga farko har ƙarshe, busasshen katako, wuta tana gudu a ciki ba mai ganinta.

Ogan ya yi ihu a kawo tsani. Bai kula ɗaki na ɗaya da na biyu ba, ya ƙirga da yatsa ya tura yaransa kan na biyar, suka hau ɓamɓare kwano suna sare katako da gatari don wuta ta zo ta tarar ba abin ci. Mai ɗakin yana kuka yana cewa nasa ba ya ci, don me za a rushe masa. Mata suka yi layi da bokiti daga rijiya, amma ruwan bokiti ko silin ba ya kaiwa.

Sai na ji muryar ƙawata. Ta je kasuwa sayen doya, dawowarta ke nan. Ta yar da kayan a tsakiyar hanya ta nufi ɗakinta, maza biyu suka riƙe ta. Tana fizga tana kiran Yesu, tana cewa akwatinta, akwatinta. Na san akwatin. Zannuwan da ta yi shekara tara tana tarawa na auren 'yarta suna ciki, da hoton mijinta guda ɗaya da take da shi. Sau nawa ta buɗe mini shi muna shinshina sabon atamfa.

Ban san lokacin da na sauke tukwane ba. Na watsa wa garwashi ruwan wanke-wanke, na ɗauko taɓaryar ƙawata daga rumfarta, na ɗaga na maka wa murhun. Gurbin ashana ne ya fara fita. Na ƙwala wa ogan kira, "Kai! Zo nan! Yana nan ƙasa!"

Ya zo a guje. Na miƙa masa hannuwana biyu na ce, "In kama ni za ka yi, ka kama daga baya." Ya ce, "Mama, matsa. Ruwa na zo nema." Aka kawo guduma da diga. Abin da Malam ya yini yana ginawa, kafin in gyara ɗaurin zanena ya zama ɓaraguzai. Murfin ya fito. Makunnin ruwan da ke ciki ya yi tsatsa ya ƙi juyawa, sai da suka tuttula masa man gyaɗana rabin kwalba, mutum uku suka danne ƙarfe. Ruwa ya fito ja wur kamar jini, ya yi tari, ya tsaya, sannan ya taho da ƙarfi har tiyo ya miƙe.

A ɗaki na biyar wutar ta tsaya, daidai inda suka sare. Huɗu sun tafi. Siton kuwa kwana uku yana hayaƙi, suna jan diloli waje da ƙugiya suna farkewa, ko wanne ka buɗe cikinsa ja. Motar da ta tafi kogi sai bayan la'asar ta iso.

Ba wanda ya rasa ransa, alhamdu lillahi. Washegari layi ya ɗauka cewa tsohuwa mai tuwo ta fasa murhunta da hannunta ta ceci unguwa. Waɗanda ke ce mini 'yar sanda suka zo suna durƙusawa. Wani fasto ya zo da mutanensa suka yi mini godiya. Ogan kwana-kwana ne kaɗai ya san na taɓa cewa ban sani ba. Da zai tafi ya tsaya ya sha ruwa a randata, ya ce, "Kar a sake rufe shi, Mama." Ban sake ganinsa ba.

Ni na san lissafin da ba wanda ya sani. Daga lokacin da ya tambaye ni zuwa lokacin da na ɗaga taɓarya, shinkafa za ta dahu. A cikin wannan lokacin wuta ta shiga jerin.

Ƙawata ta yi mako ɗaya a ɗakina, muna kwana a tabarma ɗaya. Ba ta ƙara tsokanata ba. Ran nan da safe ta ce za ta koma gida, ta gaji da Kaduna. Na raka ta tasha, kayanta duka a leda ɗaya. Ta riƙe hannuna ta ce, "Hajiya, kin yi ƙoƙari. Kin fasa Malam ɗinki saboda mu. Nawa ɗakin ne dai Allah bai nufa ba." Ta ce in riƙe taɓaryar, ta yi mata nauyi a mota.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Ki gaida gida, Madam."

Ban san sunan ƙauyensu ba, ban taɓa tambaya ba, don ban taɓa zaton za ta tafi ba. Daga baya masaƙar ta rufe, ma'aikata suka watse, ni ma na daina tuwo. Amma shekarun da na ƙara a wurin, a gefe na kafa duwatsu uku nake girki, murfin yana fili. Kullum da safe sai na share shi, duk wata in zuba wa makunnin mai. Wanda ya ajiye ko benci a kai ya ji bakina. Suna cewa tsohuwar nan ta cika faɗa a kan ƙarfe.

Har gobe in na ji mutum yana yabon idona, sai in sauya magana. Na ga komai a layin nan, kuma ranar da aka tambaye ni abu ɗaya da na fi kowa sani, na ce ban sani ba. Na roƙi Allah gafara ba adadi. Ƙawata ce ban roƙa ba. Taɓaryar tana bayan ƙofata, ban taɓa daka komai da ita ba. Yanzu ita nake gaisarwa da safe, in ce, "Madam, mun tashi lafiya." Daga nan sai in gaya mata sauran maganar da na kasa faɗa a tasha.