Madam Prudence da Motar Murtala

Madam Prudence 'yar Kagoro ce. Shekara ashirin da biyu ta yi tana buga takardu a wata kotu a Abuja. Da ta yi ritaya sai ta kafa rumfar abinci a Dei-Dei, tsakanin 'yan katako da kasuwar shanu. Sakwararta ta yi suna, amma an fi saninta da son hujja. Ko cewa ka yi za a yi ruwa yau, sai ta tambaye ka inda ka ji.

Mutum biyu ne suka fi shan tambayoyinta: Alhaji Jumare dillalin shanu, da Israel direban tifa. Kullum da azahar benci ɗaya suke zama, musunsu kuma ɗaya ne, kisan Janar Murtala a Legas a 1976.

Jumare yakan ce, "Wallahi akwai hannun Turawa. Mutum ya gaya musu gaskiya a kan Angola, sai kawai a harbe shi a hanya?"

Israel ya ce, "Haba Alhaji! Sojoji ne. An kama su, an yi shari'a, magana ta ƙare."

Madam na zuba miya ta ce, "Alhaji, wa ya gaya maka?"

"Kawuna. Shi ma ya ji a bakin wani mai kai shanu Legas."

"Kotu ba ta karɓar 'an ce'."

Israel ya fashe da dariya, ta juyo kansa. "Kai kuma shekararka nawa lokacin?"

Ya sunkuyar da kai. "Uku, Madam."

Bara 'yarta Angela ta haihu a Legas, Madam ta shirya tafiya jego. Jumare da Israel suka raka ta har tasha, suna roƙon ta je gidan tarihin da aka ajiye motar da aka harbi Murtala a ciki. Jumare yana so ta ƙirga ramukan harsashi, Israel kuma ta duba ta wane ɓangare suka shiga.

Bayan kwana arba'in ta dawo. Ko tukunya ba ta sauke ba suka iso.

Ta ce, "Na gan ta. Baƙa ce, ga ramuka a jiki. Amma ban ƙirga ba. Ina tsayawa sai na tuna ba shi kaɗai ya mutu ba, har da waɗanda ke tare da shi, kuma kowa yana da uwa. Addu'a na yi musu na fito."

Jumare ya shafa addu'a, Israel ya cire hularsa.

Can Jumare ya gyara zama, ya rage murya. "Madam, kin tabbata ainihin motar ce? Ba canza ta aka yi ba?"

Israel ya ajiye lomarsa. "Kai Alhaji, wannan kam abin dubawa ne!"

Madam ta saki ludayi tana dariya har da hawaye. Shekara shida suna cin abinci a rumfarta, ranar ce ta farko da bakinsu ya zo ɗaya.

Yanzu sun yanke shawarar zuwa Legas su gani da idonsu. Abin da ya hana tafiyar har yau, Jumare ya rantse ba zai hau tifa ba, Israel kuma ya ce shi ba zai bi tirelar shanu ba.