Tayar Taɓo a Hanyar Ƙanƙara

A kwarin Tordo, can ƙarshen kudancin duniya inda hunturu yake faɗowa a tsakiyar shekara, ba sai ka tambayi mutum inda yake kwana ba, tayar motarsa za ka duba. Kogi ne ya raba kwarin biyu. Ɓangare ɗaya rana tana leƙa shi ko a tsakiyar hunturu, dusar ƙanƙara ta zubo da safe ta narke kafin yamma, hanya ta koma taɓo har gwiwa. Ɗaya ɓangaren kuwa dutse ya tsare masa rana daga Mayu har Agusta, abin da ya daskare ya daskare ke nan, hanyarsu sai sheƙi take kamar kwalba. Don haka mutanen rana suke sayen taya mai manyan haƙora wadda take cizon laka tana tofarwa, mutanen inuwa kuma su sayi mai taushin roba, mai ƙananan tsaga, wadda take manne wa ƙanƙara. Kowane ɓangare yana ganin ɗayan bai san mota ba.

Audilio Millacura a inuwa aka haife shi, aure ya tsallakar da shi zuwa rana. Mai dakon itacen wuta ne. Shekara arba'in yana shiga daji da a-kori-kurarsa, ya loda gumagumai, ya kai wa mutanen gari su hura murhu. Karatunsa bai wuce rubuta sunansa ba, amma taɓo kam ya karance shi. Yakan tsaya ya dubi launin laka ya ce wannan za a wuce da giya ta biyu, waccan kuwa ko takarkari ya shiga sai an jawo shi. Ba a taɓa jawo Audilio ba, kuma ba ya bari a manta da haka. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ba shi da yawan magana sai an taɓo zancen taya, a nan ne za ka yi da-na-sanin taɓowa.

Yana da wa guda ɗaya, Baldomero, wanda ya zauna a gidan mahaifinsu can saman inuwa yana kiwon tumaki, bai taɓa aure ba. Shekara goma sha huɗu ke nan ba sa ga maciji. Karen Audilio ne ya tsallaka kogi ya kashe 'yan raguna biyar, Baldomero ya harbe shi, ya aiko da gawar a buhu ba tare da ko kalma ba. Audilio ya binne karen, ya binne gaisuwa tare da shi. Ko da matarsa Ercilia ta rasu, Baldomero ya zo maƙabarta ya tsaya can baya da hula a hannu, aka gama ya juya. Kowannensu yana jiran ɗayan ya fara, su biyun kuma kai ɗaya suka gada, mai tauri.

Sai dai akwai abin da duk kwarin ya sani, Audilio kuma yana zaton shi kaɗai ya sani. Kullum da safe yakan fito ƙofa da ƙoƙon mate, shayin garinsu, a hannu, yana zuƙar ruwan ganyen mai ɗaci, idonsa yana tsallaken kogi. Idan hayaƙi ya tashi daga rufin gidan mahaifinsu sai ya koma ciki. In ka same shi a tsaye ya ce maka yanayin gari yake dubawa.

A watan Afrilu na shekarar da ya cika sittin da takwas, kafin sanyi ya kankama, ya je shagon Doña Fresia sauya taya kamar yadda ya saba. Fresia ita ce mai facin garin, ta gaji shagon daga mijinta, ta kuma fi shi iya aikin da iya baki.

"Maƙwabci, bana ma haƙoran kada za a sa maka?" in ji ta.

"Da haƙoran wa za a sa mini, na jariri?"

Ta gangaro da wata taya ta jingina a ƙafarsa. "Duba wannan. 'Yar tsaka-tsaki ce. Tana da haƙora daidai gwargwado, ga tsaga a jikinsu, robar ba ta sandarewa da sanyi. Taɓo za ta yi maka, ƙanƙara ma za ta yi maka."

Audilio ya danna ta da babban yatsa ya taɓe baki. "Rabi-rabi ke nan. Taura biyu ba ta taunuwa, Fresia. Wannan in na shiga dajin Cadagán da ita, laka ta cike tsagar, sabulu za ta koma. So kike a jawo ni da shanu yara suna dariya?"

"To ka rage shiga daji mana, tsufa bai gaya maka komai ba?" Ta ci gaba da goge hannu da tsumma, ba ta dube shi ba. "Yayanka ya sayar da motarsa, ka ji? Ƙafar ta ƙi. Shekaranjiya na gan shi da sanda biyu. Bana shi kaɗai zai yi hunturu a saman nan, maƙwabtansa duk sun sauko."

"Taya na zo saye ko labari?"

"Kyauta ne labarin. An ce zumunci a ƙafa yake, a garin nan kuwa a taya yake."

Audilio ya ji maganar har cikin ƙashinsa, kuma don ya ji ta ɗin ne ya yi abin da ya yi. Ya san in ya fita da tayar tsaka-tsaki, kafin ya kai gada gari ya ɗauka cewa Audilio ya sauko, zai hau wurin yayansa. Sai ya nuna wasu sababbin tayoyin taɓo da ke can lungu, waɗanda suka fi nasa na da faɗi da tsayin haƙori, ya ce su za a ɗaura. Girman kai rawanin tsiya, kuma ranar nan ya naɗa shi da kyau.

"Sarƙarka ba za ta zagaye waɗannan ba," in ji Fresia tana ɗaure noti. "Ka kawo ta in ƙara mata tsawo."

"Zan kawo."

Bai kawo ba. Mutumin rana yakan yi hunturu uku bai taɓa sarƙar da ake naɗa wa taya don kama ƙanƙara ba, tana bayan kujera tana tsatsa. Tayoyin kuwa sun yi masa aiki, ba za a ci haƙƙinsu ba. Duk watan Yuni ya shiga inda ba wanda ya shiga, ya fito da itace yana taƙama.

Wata ranar Talata cikin Yuli ya fito da ƙoƙonsa, bai ga hayaƙi ba. Ya tsaya har ruwan ya huce. Ya ce wa kansa Baldomero tsoho ne, makara ya yi. Ya tafi daji, ya dawo da rana ya sake dubawa, hazo ya rufe tsallaken, sai ya ce ai ga dalili. Washegari gari ya waye tangaran, ana hango kowane itace a saman inuwa, rufin nan kuma ba hayaƙi. Ya ajiye ƙoƙon a kan dakali ya shiga mota.

Daga gada zuwa gidan kilomita shida ne, duk hawa. Yana tsallake gadar ya ji motar ta sauya hali, bayanta yana rawa. Robar tayar taɓo in ta sha sanyi tauri take kamar katako, manyan haƙoran kuma ba su da abin ciza a kan ƙanƙara. Ya tsaya ya jawo sarƙa, ya shimfiɗa, ya zagayo da ita, sai ga bakinta biyu sun ƙi haɗuwa, saura kamar taƙi ɗaya. Ya ja har yatsunsa suka fashe. Ya haɗa da waya, ya rage wa tayoyin iska, ya ci gaba a hankali. A kwana ta biyu wayar ta tsinke. Motar ta tsaya cak, sannan ta fara sulalewa da baya, a natse, birki bai ce mata komai ba, har ta zauna a cikin rami a gefen hanya. Mutumin da ba a taɓa jawowa ba ya fito ta taga.

Ya cire safarsa ta ulu ya sa ta a kan takalmi don ta kama ƙanƙara, ya hau sauran kilomita huɗun da ƙafa. Tsoro ne ya kai shi, don ƙarfinsa ya ƙare tun a rabin hanya.

A rumfar itace ya sami Baldomero. Santsi ya kwashe shi tun yammacin Litinin da ya fito ɗibar itace, ƙugu ya karye, ya ja jiki ya lulluɓa da fatun tumaki da ke rataye a wurin. Idonsa biyu, leɓɓansa sun yi shuɗi. Ya dubi ƙanensa. Audilio kuwa bai san da wace kalma ake farawa bayan shekara goma sha huɗu ba. Ya ɗura masa ruwan ɗumi, ya ɓamɓaro fallen kwano daga rufin rumfar, ya shimfiɗa fatu, ya kwantar da shi ya ɗaure da igiya. Ya riƙe igiyar ta baya, kwanon yana gaba yana sulalewa, shi yana turjewa, suka fara gangarowa.

Da suka iso kwana ta biyu, Baldomero ya ɗaga kai da ƙyar. Ya ga motar a rami, ƙafarta ɗaya a sama. Ya daɗe yana kallon tayar.

"Da wannan ka hau?" in ji shi, murya a shaƙe.

"Da ita, Yaya."

"Tayar taɓo. A hanyar gidanku." Ya yi tari. "A nan fa aka haife ka, Audilio. Kai dai jaki ne."

"Haka ne, Yaya."

Baldomero ya mayar da kai ya rufe ido. A gada wani mutumin inuwa ya ɗauke su a motarsa zuwa asibitin Coyhaique. Kwana huɗu Baldomero ya yi a can ya rasu, bai sake buɗe baki ba, sanyi ya riga ya shiga ƙirjinsa. Likita ta ce da kwana ɗaya ya yi a rumfar da ya jure, na biyun ne ya ci shi. Audilio bai gaya mata cewa tun safiyar Talata ya ga babu hayaƙi ba. Bai gaya wa kowa ba sai bayan shekara biyu, kuma har yau abin yana cinsa.

Yanzu yana da saba'in da ɗaya, ya daina shiga daji, tumakin Baldomero suna wurinsa. Mutane sukan tambaye shi, don son jin gulma, ko yayansa ya yi masa magana kafin ya cika, ko sun yafi juna. Ba ya ƙara gishiri, ba ya ragewa.

"Ya yi mini magana," yakan ce. "Ya ce ni jaki ne."

In mai tambayar ya fara jajanta masa, sai ya girgiza kai.

"Ba ka gane ba. Har da sunana ya faɗa."