Jikin Yaya Mariya da Sauƙi

Bana shekara tara ke nan da muka kai Yaya Mariya makwancinta. Ba ciki ɗaya muka fito ba, unguwa ɗaya muka taso a Kumasi, kuma ita ta karɓe ni a ɗakinta na garin Wheaton lokacin da na zo ƙasar Turawan nan ban san kowa ba. Mace ce mai tsokana. Ko tuwo na tuƙa sai ta ce a ajiye, za a yi ginin masallaci da shi.

Aikinta wanka da ciyar da tsofaffi a wani gidan kula da su. Da ciwon ciki ya fara cin ta, abin da iyayenmu suka koya mana ta yi, ta rufe bakinta. Mu a wurinmu ciwo ba abin tallatawa ba ne, kowa ya tambaya sai a ce da sauƙi. Ta je wurin shugabar aikinta ta roƙi a rage mata kwanaki, wai tana son ta ƙara kula da 'yarta Hauwa. Aka rage, har da yi mata fatan alheri.

Kusan shekara tana lallaɓawa a haka, sai likita ya ce sai an yi mata tiyata, kuma za ta daɗe a kwance. Na raka ta ofis neman hutun jinya, wanda doka ta ce a riƙe wa ma'aikaci gurbinsa har mako goma sha biyu, ko da ba albashi. Matar da muka tarar a ofishin ta yi mana bayani a hankali, ba wulaƙanci. Ta ce awannin da mutum ya yi a shekarar da ta wuce ake dubawa, na Yaya kuwa sun gaza tun da aka rage mata kwanaki. Da a ce tun farko ta faɗi ciwon, da ta cancanta. Yanzu in ta kwanta, ba wanda zai yi mata alkawarin za ta dawo ta tarar da aikinta, ga haya, ga Hauwa a makaranta.

A mota na yi ta faɗa, ita tana kallon titi. Can ta ce, “Rabi, to da na je na ce wa baƙuwa cikina na ciwo?”

Ta ɗaga tiyatar, ta koma cikakken aiki don awannin su taru. Na roƙe ta, limaminmu ya roƙe ta, mata suka yi karo-karo, ta yi godiya ta ɗaura ɗankwali ta tafi aiki. Awannin ba su kai ga cika ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga Hauwa yau. Yarinyar ta zama nas a garin Gaithersburg, kuma da ta samu ciki, tun wata na biyu ta sanar a wurin aiki. Na san Yaya za ta riƙe baki ta ce 'yar nan ba ta da kunya, sannan ta juya ta yi hamdala a ɓoye.

Abin da ya rage mini nata shi ne na daina yarda da amsar farko. In na gaida mara lafiya, sai na zauna na sake tambaya. Ita ma na sake tambayarta a asibiti, ana gobe za ta rasu, hannunta cikin nawa ba nauyi. Ta buɗe ido da ƙyar ta ce, “Da sauƙi.”

Allah Ya sa can ta same shi.