Aradu da Kunnen Matarsa

Shekarar da aka kawo babban zarto mai aiki da lantarki masana'antar katako, ita ce shekarar da Aradu ya fara ganin matar da zai aura. Yana saurayi a lokacin, amma shi ne shugaban ma'aikata a rumfar yanka, aikin da ba ya yiwuwa sai da murya. In zarto ya kama gungume, ko wanda ke kafaɗa da kafaɗa da kai ba ka jin abin da yake faɗa. Shi kuwa in ya ce "Tsaya!" daga wannan ƙarshen rumfa, mai kula da makunni a wancan ƙarshen sai ya kashe inji nan take. Ma'aikata suka sa masa Aradu, sunan ya bi shi har gida, har aka manta da nasa na gaskiya.

Ita ta zo sayen dusar katako ne, wadda mahaifiyarta ke shimfiɗa wa kaji. Ya nuna mata inda za ta ɗiba da muryar nan da yake tsai da inji. Ta ajiye buhunta, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Malam, ga ni gabanka fa. Ba ƙetaren kogi nake ba."

Ma'aikata suka fashe da dariya. Shi ma ya yi, ya kuma ɗaukar mata buhun har bakin titi.

Suka yi zamansu lafiya, suka haifi 'ya'ya, 'ya'ya suka girma suka watse, sai babban ɗan ne ya zauna kusa. Ƙofofin gidan, da teburin cin abinci, da bencin da ke baranda, duk Aradu ne ya haɗa su da guntayen katakon da masana'anta ta zubar. Abin da ya fi taƙama da shi bayan ya yi ritaya shi ne, duk tsawon aikinsa ba wanda zarto ya ci wa yatsa a ƙarƙashinsa.

Matar babban ɗan malamar makaranta ce. Da ta haihu hutunta ya ƙare, sai ta riƙa kawo jaririn kowace safiya ta bar wa Mama, kamar yadda kowa ke kiran matar Aradu. Mama ta koma yarinya. Ta ɗinka 'yar katifa, ta riƙa rera wa yaron waƙa tana wanke-wanke, ciwon gwiwar da take kuka da shi ma ta daina ambata.

A wannan lokacin ne Aradu ya lura da wani abu da ya dame shi. Zai yi magana daga baranda, sai shiru. Ya maimaita, sai ta leƙo ta ce, "Maigida, magana ka yi?" Ko suna zaune a teburi, tana wancan gefen, sai ta karkato kai ta ce, "Me ka ce?"

"Uwar yara, kunnenki ya fara tafiya," in ji shi.

Ba ta musa ba. Tana jin tafasar buta, tana jin motsin jariri daga ɗaki, amma mutumin da ake jin muryarsa a kan ƙarar zarto, in har ita ba ta jin sa, ai laifin kunnenta ne. Sauran mutane kuwa ba wanda ya ce masa komai. 'Ya'yansa kan zauna dab da shi saboda ladabi, abin da ba su ji ba su gyaɗa kai, a bayan idonsa su ce Baba ya yi sanyi, girma ne ya zo.

Wata Asabar ɗan da matarsa suka zo cin abincin rana. Aradu yana cikin nishaɗi, suna zaune kusa da shi, Mama tana kicin. Ya ce musu, "Mamanku fa sai addu'a. Jiya na kira ta har na gaji. Yadda take yanzu, ko yaron nan ya faɗo daga gado yana ihu, ba za ta ji ba."

Shi da ɗansa suka yi dariya. Surukar ba ta yi ba.

Litinin ta zo, ba a kawo yaro ba. Aka ce an samo masa gidan reno kusa da makaranta, don kada a riƙa wahalar da Mama. Mama ta ce, "To, Allah ya raya." Ta naɗe 'yar katifar ta ɗora a kan sif. Labari kuma ya bazu. Maƙwabciya ta fara gaishe ta da ihu, mai kanti yana nuna mata farashi da yatsu.

Aradu ya ga ta rame, sai ya yanke shawarar kai ta asibiti a sa mata na'urar ƙara ji. Likitan kunne ya shigar da ita wani ɗan ɗaki mai kauri, ya sa mata abin sauraro a kai, ya ce duk lokacin da ta ji ƙara ta danna maɓalli. Da aka gama ya dubi sakamako, ya ce, "Mama, kunnenki ya fi nawa."

Aradu ya gyara zama ya shiga bayani. Likitan ya matso da kujerarsa, ya sake matsowa. Idonsa na kan hannun Aradu na hagu, wanda ke ajiye a kan gwiwa, babban yatsa yana murza ɗan ali kamar mai murza ƙwayar hatsi. Sai likitan ya ajiye wayarsa a tsakiyar tebur tana ɗaukar murya, ya ce kowannensu ya faɗi abin da ya karya da shi yau, sannan ya kunna musu.

Muryar Mama ta fito tas. Bayanta sai wani gunguni, kamar na mutumin da aka rufe cikin buhu.

"Wayar ce ba ta da kyau," in ji Aradu.

"Baba, waya ɗaya ce ta ɗauke ku ku biyu."

Mama ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafinta, don kada ta ga fuskarsa.

Aka tura shi wurin likitar jijiyoyi. Ta sa shi ya yi tafiya a baranda, ta ga hannunsa na hagu ba ya lilo. Ta sa shi ya yi rubutu, haruffa suka fara da girma suka ƙare kamar tururuwa. Ta ce cutar Parkinson ce. Wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke yi don tafiyar da motsin jiki ne yake raguwa, shi ya sa komai ke ƙanƙancewa, taku da rubutu da murya. "Abin haushin kuma," in ji ta, "ƙwaƙwalwar kan gaya maka kana magana da ƙarfi kamar da. Ba ƙarya kake yi ba, Baba, kai haka kake jin kanka." Ta ce har yanzu masu bincike ba su samo abin da ke warkar da ita ba, amma akwai ƙwayar da ke sassauta jiki in ana shan ta a kan lokaci, ga motsa jiki, ga horon murya.

A cikin motar haya, suna komawa gida, ya kai bakinsa kusa da kunnenta ya ce, "Kada ki gaya wa kowa."

"Ba mai ji daga bakina, maigida."

Ta kuwa cika alkawari. Ita ce mai tuna masa lokacin magani, ita ce mai ɓoye kwalbar a bayan gwangwanin shayi in an yi baƙi. Maƙwabciya ta ci gaba da yi mata ihu a kan katanga, ita kuma tana amsawa da fara'a. Duk ihun da aka yi mata, Aradu na zaune a baranda yana jin sa kamar ana watsa masa ruwan zafi, amma bakinsa ya ƙi buɗewa. Mutumin da aka sani da Aradu ya fito ya ce ba shi da murya? Ya gwammace ya yi shiru, aka ƙara cewa girma ne.

Mai horon muryar yarinya ce sa'ar autarsa. Takan zaunar da shi gaban kwamfuta ta ce, "Baba, ja numfashi, ka ce aaa, har layin nan ya zama kore."

"Ni da na tsai da inji da baki, yau ni ake koya wa aaa kamar ɗan aji ɗaya?"

"To tsai da wannan mu gani. Ƙara! In ka ji kamar kana yi wa mutane tsawa, to a nan ne ka yi daidai."

Ta ce ya riƙa yi kullum a gida. A gida kuwa katanga gajera ce, maƙwabta za su ji. Sai ya riƙa ɗaukar sandarsa da hantsi ya tafi bayan shingen tsohuwar masana'antarsu, ya jira zarto ya kama gungume, sannan ya buɗe baki ya yi ta aaa cikin ƙarar, inda ba mai jin sa. In inji ya tsaya shi ma ya tsaya, ya yi kamar mai duba takalminsa.

Wata rana yana dawowa daga can ya bi ta titin makaranta, saboda ana gyaran hanyar da ya saba bi. Daga nesa ya hango wata mata tsaye a jikin shingen gidan reno, da kwandon cefane a hannu, ta kafa fuska a tsakanin ƙarafa. Ya san mayafin, na Mama ne. Yara na wasa a kan tabarma a ciki, ita kuma ba ta kira ba, ba ta ɗaga hannu ba, kallo kawai take yi. Da wata ma'aikaciya ta nufo shingen sai ta yi sauri ta wuce. Aradu ya laɓe bayan wata mota da aka ajiye har ta sha kwana. Da ya isa gida ta riga shi, ta tarbe shi da ruwa da ƙwayar rana, ta ce kasuwa ce ta cika yau.

Ran Asabar ya sha maganinsa, ya jira jikinsa ya saki, ya ce mata zai je aski. Ya nufi gidan ɗansa. A bakin ƙofar falo ƙafafunsa suka manne da ƙasa, kamar yadda suka fara yi masa a ƙofofi, sai da ya karkata hagu da dama kafin suka ɗaga. Ɗan ya miƙe zai kama shi, Aradu ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi. Ya ƙi kujerar da ke kusa da su, ya zauna a ta nesa.

Bayan gaisuwa ya dubi ƙasa ya faɗi abin da ya kawo shi.

Surukar ta dubi mijinta, ta karkato kai. "Na'am, Baba?"

Aradu ya gyara zama. Ya ja numfashi har ƙasan ciki, ya ɗaga kai, ya yi abin da shi a kunnensa tsawa ce a gidan suruka.

"Na ce Mamanku ba kurma ba ce! Likita ya gwada, kunnenta lafiya lau. Ni ne ba ni da lafiya. Muryata ce ta tafi, na ɗora mata, ta ɗauka ta yi shiru don ta rufa mini asiri. Maganar da na yi a kan yaron nan, ban san abin da nake faɗa ba."

Ya zaro hannunsa na hagu daga aljihu ya ɗora a kan gwiwa, ya bar shi yana rawa a gabansu. Ɗan ya zo ya durƙusa kusa da shi, ya ce, "Baba, tun yaushe?" Surukar ta rufe baki da gefen gyalenta, idonta ya cika.

"'Yata," in ji shi, "abu ɗaya nake roƙo. Kada ki ce mata na zo."

Ya biya wurin mai aski kafin ya koma gida.

Ran Litinin da safe yana kan benci a baranda, Mama tana can cikin kicin, famfo na zuba. Sai ya ga ta fito da sauri tana goge hannu a zani.

"Maigida, ba kukan yaron nan nake ji ba?"

Shi bai ji komai ba tukuna. Sai ga surukar ta turo ƙofar gida, jaka a kafaɗa, yaro a hannu yana tsala kuka. Ta durƙusa ta gaishe su, ta ce, "Mama, ya ƙi sabawa da mutanen can. Ko za ki taimaka mini?"

Mama ta karɓi yaron ta rungume, ta dubi surukar, sannan ta juyo ta dubi mijinta, ta daɗe tana dubansa. Shi kuwa ya duƙufa yana neman wani abu a ƙarƙashin benci.

"Maigida," in ji ta, "in ka gama, sauko mini da katifar nan daga kan sif."